Bakwai Biyu a Hannuna

Asabar, 7 ga Maris 1987, bayan la'asar

Alhamdulillahi. Yau sun fito da Injiniya daga ɗakin nan mai injuna, sun kai shi ɗaki na sha huɗu a hawa na biyu. Kwana huɗu ke nan tun ranar Talata. An cire masa robar hanci. Da na shiga ya buɗe ido ya dube ni, na ce masa sannu, bai amsa ba, amma ya kama bakin abayata da hannun hagu ya ƙi saki har lokacin ziyara ya ƙare.

Wannan littafin makarantar 'yarmu Sailuba ne, na yage shafuka uku na farko. Ba ni da wanda zan riƙa gaya wa. Yarinya ce 'yar shekara takwas, Yaya Jibrin kuma nauyin da ke kansa ya ishe shi. Shi ke ɗauko ni daga unguwarmu Jaradiya kullum bayan ya tashi aiki, shi ke mayar da ni. Yayana ne ciki ɗaya, kuma abokin Injiniya tun suna sakandare, kamfaninsu ɗaya a nan Riyad. Ban san yadda zan yi ba da ba ya garin nan.

A jikin gadon sun rubuta Basiru. Shekara goma sha ɗaya da aurenmu ban taɓa kiran sunan ba, yau ga shi ina ta karantawa.

Litinin, 9 ga Maris, da magariba

Ya sha kunu cokali shida. Na gode Allah.

Talata, 10 ga Maris, bayan isha'i

Likitan ɗan Misira ne, dattijo mai farin gashi. Ya ja Yaya Jibrin waje suka tsaya a bakin ƙofa, suna zaton Larabcina bai kai ba. Ya kai.

Gefen dama dai kowa ya gani, ya shanye. Magana kuma kowa ya ji babu. Abu na uku da ya faɗa, ba zan rubuta shi ba. Ya ce ya yi masa tambayoyi da Turanci, ya yi da Larabci, ya ce ya ɗaga yatsa, ya nuna ƙofa. Shi ke nan abin da zan rubuta.

A mota Yaya Jibrin ya ce, “Likita ya ce ana samun sauƙi.”

Na ce, “Na ji abin da ya ce, Yaya.”



Laraba, 11 ga Maris, da hantsi

Mandub ɗin kamfani, mai yi musu zirga-zirgar takardu, ya aiko Yaya Jibrin da wata takarda. In na sa hannu, na yarda ke nan Injiniya ba zai iya yanke wa kansa shawara ba, sai a yi mana huruj niha'i, fitar da babu dawowa. Iƙamata da ta Sailuba, wato takardun zamanmu a ƙasar, duk a jikin tasa suke. Sun ce ba korarmu suke yi ba, wai gida ya fi masa. Kwamitin likitoci zai zauna ranar ashirin da tara ga wata, suna so a gama kafin nan.

Gida ya fi masa, amma masu gasa masa ƙafa kullum da safe a nan suke.

Na sa takardar a ƙarƙashin tiren shayi.

Alhamis, 12 ga Maris, bayan magariba

Yau Tajussir ya zo, abokin aikinsu ɗan Sudan, dogo mai rawani kamar gammo. Ban yi mamakin zuwansa ba. Abin da ya ɗauko ne ya ba ni mamaki: karta, da gwangwanin Nido ɗin nan.

Shekara huɗu ke nan duk ranar Alhamis bayan la'asar su uku suke zama a falonmu suna wannan wasa da Injiniya ya koyo a Amurka lokacin karatu, foka suke ce masa. Ba kuɗi a ciki, ƙwallayen dabino suke zubawa, su ne cike da gwangwanin. Ni dai a gidan malamai na tashi, karta karta ce a wurina ko da tsakuwa ake yi. Mun sha yin faɗa a kai. Maganar da muka yi da safen Talatar nan ma, kafin ya fita, a kan gwangwanin ce. Ban gaya wa kowa ba.

Na ce, “Yaya, a asibiti?”

Tajussir ya dafa ƙirji ya ce in yi haƙuri, wani kawunsa a Umdurman irin wannan ta same shi, kuma da wasan domino ya fara dawowa. Ina shirin ba shi amsa sai Yaya Jibrin ya ce, “Azumi, dubi mijinki.”

Idonsa na kan gwangwanin. Tajussir ya matsar da shi hagu, idon ya bi. Ya girgiza shi, ƙwallayen suka yi ƙara, sai Injiniya ya yi wani sauti a maƙogwaro, na farko da na ji tun ranar.

Na tashi da kaina na ja labule.

Juma'a, 13 ga Maris, da safe

Ni ce na riƙe masa kartar jiya, don hannu ɗaya ba zai riƙe kati ya kuma tura ƙwallaye ba. Ni Azumi. Allah Ya yafe mana baki ɗaya.

Lahadi, 15 ga Maris, bayan isha'i

Yanzu kusan kullum suna zuwa. Yaya Jibrin yana koya mini a mota, don in san abin da nake riƙewa. Bari in rubuta kada in manta.

Kowa kati biyu ne a hannunsa, a ɓoye. Ana buɗe biyar a tsakiya na kowa da kowa, uku da farko, sai ɗaya, sai na ƙarshe. Duk buɗewa sai a zagaya: ko ka zuba ƙwallaye, ko ka ƙwanƙwasa tebur, ma'ana ka wuce ba ka zuba komai ba. In wani ya zuba, ko ka biya daidai da nasa, ko ka ƙara a kai, ko ka yar da katinka ka fita. Uku iri ɗaya sun fi biyu. Uku iri ɗaya haɗe da wasu biyu iri ɗaya, shi suke kira ful haus, ba kasafai ake kayar da shi ba.

Ya ce wanda ke hagun mai rabo shi ke fara magana, kuma wurin da kowa ke gudu ke nan, don sai an ga abin da ka yi sannan a yanke shawara, kai kuwa a duhu kake.

Injiniya dai ƙwanƙwasawa yake yi. Kowane zagaye, ƙwas ƙwas a kan teburin cin abincin nan mai taya. In sun zuba, wani lokaci ya tura nasa, wani lokaci ya ture hannuna alamar a yar. Ban isa in ce da hankali yake yi ba, ban isa in ce ba da shi ba.

Amma yana zama sa'a guda bai gaji ba. Alhamdulillahi.

Talata, 17 ga Maris, da magariba

Yau ya ƙi wasa. Ana tsaka da yi ya juya fuskarsa bango.

Na san dalili, ko ina zaton na sani. Kwana uku ke nan ina lura, duk sanda ya tura ƙwallaye sai su biyun su yar da katinsu su ce, “Kai, Injiniya ya cinye mu!” da irin muryar da ake yi wa yaro in ya fara tafiya. Nas ɗin ta ce masu irin wannan ciwo haka suke, fushi ba dalili.

A mota na ce, “Yaya, ku daina bar masa.”

Ya ce, “Wa ya ce muna bar masa?”

“Ni na ce. In za ku yi wasa ku yi na gaskiya, in ba haka ba ku kwashe gwangwaninku.”

Ya ce, “Azumi, ƙwanƙwasawa kawai yake yi. Ko ba a raba kati ba zai ƙwanƙwasa. Ina tsoron ki sa rai.” Sai a lokacin na tuna ni miji nake jinya, shi kuma aboki na shekara ashirin da biyar.

Mandub ya sake tambayar takarda.

Laraba, 18 ga Maris, da azahar

Takardar tana nan ƙarƙashin tire. Shayi ya ɗan zuba mata a gefe.

Alhamis, 19 ga Maris, bayan magariba

Dole in rubuta wannan tun ban manta komai ba.

Sun yi wasa na gaskiya yau kamar yadda na ce. Cikin rabin sa'a ƙwallayen Injiniya suka ragu sosai, har na fara jin haushin kaina. Sai Tajussir ya raba. Injiniya ne a hagunsa, wato shi zai riƙa farawa, Yaya Jibrin na bayansa. Na ɗaga katin na kara masa kusa da fuska yadda na saba. Bakwai da bakwai.

Aka buɗe uku a tsakiya: sarki, bakwai, biyu. Bakwai uku ke nan gare mu. Ya ƙwanƙwasa. Yaya Jibrin ya zuba, Tajussir ya fita, Injiniya ya biya. Aka buɗe tara. Ya ƙwanƙwasa, Yaya Jibrin ya zuba, ya biya. Na ce a raina to, ko ba komai bai yar ba.

Sai kati na ƙarshe ya faɗo. Sarki.

Na duba, na sake dubawa. Bakwai uku, sarki biyu. Ko ni da na fara koyo ranar Lahadi na san abin da ke hannuna. Wannan shi ne zagayen ƙarshe, daga shi sai a buɗe kati. In yana da abin zubawa a duniya, yanzu ne. Zuciyata na cewa zuba, don Allah zuba, ko guda ɗaya ne, in san kana gani.

Ya ɗago ya dube ni. Ya daɗe yana dubana. Sannan ya sa yatsa ya ƙwanƙwasa tebur, a hankali, kamar wanda ya gaji.

Ban san yadda zan kwatanta ba. Na ce shi ke nan, likita ya yi gaskiya, Yaya ya yi gaskiya, katin nan da takardar burodi duk ɗaya ne a wurinsa. Na tuna tiren shayi. Idona ya cika, na kawar da kai don kada su gani.

Ashe Yaya Jibrin ya gani. Ya dube ni, ya dubi katinsa, ya ce, “Kin ce a yi na gaskiya ko? To.” Ya debi ƙwallaye cike da hannu ya zuba a tsakiya.

Ina jiran Injiniya ya ture hannuna. Bai ture ba. Ya miƙa hannun hagu, ya kewaye duk abin da ya rage a gabansa da damtse, ya tura shi tsakiya gaba ɗaya. Guda biyu suka gangara ƙasa. Ya nuna su da haɓa, wai a ɗauko, su ma suna ciki.

Tajussir ya ce, “Ya zol!” a hankali, wato “kai, mutumin nan!” da Larabcin Sudan.

Yaya Jibrin ya biya, ya ajiye katinsa a buɗe: sarki da goma, sarki uku ke nan. Ni kuma na ajiye bakwai biyun nan. Ya dube su, ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi.

“Basiru! Tarko ka ɗana mini? Ka wuce don in zuba ka ƙara?”

Gefen hagu na bakin Injiniya ya ɗaga sama. Sai ya nuna ni da yatsa, ya shafa nasa kumatun daga ido zuwa ƙasa, alamar hawaye.

Yaya Jibrin ya dafe kai. “La'ilaha illallahu. Da fuskarki ya kama ni, Azumi! Ya san tun kina yarinya fuskarki ba ta iya ƙarya, ya san zan dube ki. Na ga kina shirin kuka na ce ba su da komai!”

Na ce, “Ni ma ai ban sani ba!”

“Shi ya sa ta yi aiki!”

Yana dariya yana kuka, yana bayani kamar akwai mai gardama da shi. Wai da Injiniya ya fara zubawa, shi biya kawai zai yi, ƙaramin abu. Wai da shi ma ya ƙwanƙwasa, da an buɗe kati a banza. “Sai da ya san abin da ke hannunsa, ya san ina da sarki, ya san ba zan iya haƙuri ba. Abu uku! Mutumin da aka ce ba ya...” Bai ƙarasa ba. Ya durƙusa ya kifa kansa a kan gadon.

Nas ta leƙo ta ce mene ne wannan hayaniya, Tajussir ya ce mata balot muke yi, kartar da 'yan ƙasar suka saba yi, ta ce to a rage murya. Ni ina tsugune ina tsintar ƙwallayen dabino a ƙarƙashin gado, ina cewa alhamdulillahi, ban san sau nawa ba.

Juma'a, 20 ga Maris, bayan isha'i

Na roƙi Yaya Jibrin ya jira ni a ƙasa. Tunda yanzu na san yana ji, babu sauran wurin ɓuya.

Na ce masa maganar da na faɗa da safen Talata ban nufe ta ba, fushi ne, kuma kwana goma sha bakwai ke nan ban yi barci ba tare da ita ba. Abin da zan iya rubutawa a nan shi ne na ambaci hannunsa a cikin maganar. Na dama.

Ya saurare ni har na gama. Ya girgiza kai. Ya nuna sama da yatsa. Sannan ya kama hannuna ya ɗora a kan hannun daman, ya danne da nasa na hagu, muka zauna haka har aka kira magariba.

Asabar, 21 ga Maris, da azahar

Na tare likita da kaina, da Larabcin nawa na kasuwa. Ya saurara, ya ce, “Madam, karta ba gwaji ba ce.” Na ce na yarda, amma da wane yare ya gwada shi? Ya ce Turanci da Larabci. Na ce mutumin nan da Hausa uwarsa ta rene shi. Ya cire tabarau ya goge, ya ce a kawo mai fassara ranar Talata.

Mutumin kirki ne. Gajiya ce ta yi masa yawa.

Talata, 24 ga Maris, da magariba

Tambaya ashirin, Yaya Jibrin na fassarawa. Nuna taga. Taɓa kunnenka sannan ka taɓa kofi. Shin dutse yana nutsewa a ruwa? Ya ci goma sha bakwai. Da likita ya koma Turanci sai ya rikice ya ci shida, ya yi fushi ya bugi gado. Likitan ya ce hakan na faruwa, yaren farko ke fara dawowa, sauran sai a hankali, wataƙila su dawo, wataƙila ba duka ba.

Ya yage rahotonsa na farko a gabanmu.

Alhamis, 26 ga Maris, da safe

Na mayar wa mandub takardarsa ba sa hannu. Na ba da haƙuri a kan tabon shayin.

Lahadi, 29 ga Maris, bayan la'asar

Wata uku. Kwamiti ya ba shi hutun jinya na wata uku a nan Riyad, da gashin ƙafa da koyon magana, sannan a sake dubawa. Ba su ce zai koma aiki ba. Yaya Jibrin ya ce kada in ɗauka an gama. Ban ɗauka ba. Amma yau na dafa shinkafa da miyar kaza, na ci na ƙara, Sailuba tana kallona tana cewa da Larabci wai Mama ta warke.

Alhamis, 2 ga Afrilu, bayan isha'i

Ya dawo gida. Matakala goma sha tara, Yaya Jibrin a dama, Tajussir a baya, sun huta sau uku. Sailuba ta ruga ta rungume shi tana zuba masa Larabci, ya tsaya yana kallonta. Na ce mata da Hausa za ta yi. Ta yi tunani ta ce, “Baba, sannu da... da hawa.” Ya yi dariya har sai da aka zaunar da shi.

Kalmominsa yanzu sun kai goma. Ruwa. A'a. To. Bismillah. Sunana bai zo ba tukuna, “ke” yake ce mini. Ya ishe ni.

Juma'a, 3 ga Afrilu, bayan sallar Juma'a

Wani ɗan garinsu zai tafi gida jibi. Mahaifiyar Injiniya, Gogo, tana Funtuwa, kuma duk wata kaset yake aika mata tunda ba ta karatu. Na watan jiya bai je ba. Ni na ce a bari sai ya ƙara samun sauƙi, in yi magana a madadinsa in ce aiki ne ya yi yawa. Ya ce, “A'a.” Ya nuna rediyon.

Na sa sabon kaset na danna. Ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Ya sake. Kaset na ta juyawa, ba ka jin komai sai numfashinsa da ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Gumi ya keto masa. Ya kama “Go” ya rasa sauran, ya bugi cinyarsa, ya sake kamawa. Mun fi minti goma a haka.

Da ya gama na miƙa hannu zan mayar da kaset baya, in goge shirun da kame-kamen, a sake ɗauka mai tsabta don kada hankalin tsohuwa ya tashi. Ya riƙe mini hannu. Ya girgiza kai.

Na ce, “Za ta gane fa.”

Ya ce, “To.”

Haka na bar shi, na ƙara nawa bayanin a baya, na gaya mata komai. Na saurara sau ɗaya kafin in sa a ambulan. Shiru mai tsawo, sannan muryarsa, a karkace amma tasa ce:

“Gogo. Ni ne. Ina nan.”